Idan Za Ka Saya wa Ƙaninka Safar Hannun Gola

Daga wani ɗan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida



Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a lungunan Gyadi-Gyadi ko a wani fili a Tarauni ya san wata doka da ba a rubuta ta a ko'ina ba: wanda ya fi kowa ƙanƙanta shi ne gola. Idan an gama raba 'yan wasa, sai a dubi ɗan yaron da ya biyo yayansa a ce masa, "Kai, je ka tsaya a raga." Ragar kuwa duwatsu biyu ce, ko takalman wani. Wasu yaran suna tsayawa ne kawai don kada a kore su daga fili. Wasu kuma abin sai ya shiga ransu, ka ga yaro ɗan shekara bakwai yana faɗuwa cikin turɓaya yana tashi yana dariya, har da kiran kansa Nwabali.

Idan kana da irin wannan ƙanin, kuma kana tara kuɗin tara ko na barka da Sallah a asusu don ka yi masa kyauta, wataƙila safar hannun gola ta zo maka a rai. Kyauta ce mai kyau. Amma tana da sauƙin lalacewa tun a kasuwa, domin yawancinmu abu biyu muke dubawa, launi da sunan kamfani. Abin da ya kamata a duba shi ne hannun da yaron yake da shi yau, da kuma irin ƙasar da yake faɗuwa a kai.

Kafin a je can, ka tabbata golan yake so. Ka tsaya gefe ka kalle shi kwana biyu ko uku. Idan an doko ƙwallo yana nufarta da hannu, ko kuwa juya baya yake yi ya rufe ido? Idan aka ce wani ya karɓe shi, yana fita da gudu ko yana cewa a bar shi? Wanda ke juya baya tilas ce ta kai shi raga, shi ƙwallo za ka saya masa ya huta. Kuma ka sanar da Baba ko Umma tukuna. Akwai gidajen da ake ganin ƙwallo ce ke hana yara zuwa Islamiyya a kan lokaci, kada ka kawo kyautar da za ta kwana a saman sif.

Wani zai ce, ai safar ado ce kawai, mu da muka tsaya gola hannu tsirara me ya same mu? Gaskiya ne dokar ƙwallon ƙafa ba ta wajabta ta ba. Abin da ta wajabta shi ne riga, wando, safar ƙafa, takalmi da makarin ƙwauri, sannan gola ya sa launin da ya bambanta da na sauran. Kafin wajajen 1970 yawancin masu tsaron raga a duniya hannu tsirara suke wasa, sai dai idan ana ruwa. Ko a 2004, a gasar ƙasashen Turai, golan Fotugal mai suna Ricardo ya cire safarsa ana tsakiyar bugun fenariti da Ingila, ya tare bugun Darius Vassell da hannunsa haka nan, sannan ya je ya buga na ƙarshe da kansa ya ci. To amma Ricardo babban mutum ne, ƙashinsa ya gama ƙwari.

Hannun mutum yana da ƙasusuwa 27, guda 14 daga ciki a yatsu suke. A jikin yaro, kusa da ƙarshen waɗannan ƙasusuwa akwai wani wuri mai laushi, guringuntsi ne, kuma daga nan ƙashin yake ƙara tsawo. Wurin ba ya gama zama ƙashi sai yaro ya shige shekara goma sha. Shi ya sa bugun da zai ba babba targaɗe kawai, a hannun ƙaramin yaro zai iya zama tsagewar ƙashi. Safa ba ta hana wannan gaba ɗaya, kada wani ya ruɗe ka. Aikinta biyu ne: ta rage zafin bugu a tafin hannu, kuma ta sa ƙwallo ta manne maimakon ta sulluɓe ta daki kan yatsa. Yaron da ba ya jin zafi yana daina tsoron ƙwallo, wanda ya daina tsoro kuma shi ke buɗe hannu ya kama yadda ya kamata. Idan kuwa yatsa ya kumbura ya ƙi lanƙwasawa, ko ya karkace, wannan ba maganar safa ba ce kuma, a gaya wa manya a kai shi asibiti.

Yanzu ga babbar maganar, wato girman safar.

Mu nan mun saba da jin, "A saya da ɗan girma, zai girma a ciki." Idan tela zai ɗinka wa yaro kayan Sallah, sai a ce ya ƙara tsawo don ya kai baɗi. A kaftani wannan dabara ce, domin ana naɗe hannun riga, ana kalmashe ƙafar wando. A safar gola kuwa asarar kuɗi ce. Idan yatsun safa sun fi na yaro tsawo sosai, wurin da ya rage babu komai a ciki sai iska. Ƙwallo ta zo ta daki wannan wurin, ya lanƙwashe baya, ta wuce. Tafin safar kuma zai riƙa juyawa a kan tafin hannunsa, sai ya zama yana kama ƙwallo kamar wanda ya sa hannu cikin leda. Yaro ba zai gane safar ce ke cutarsa ba, zai ɗauka shi ne bai iya ba, abokansa ma haka za su ce masa, har su sa masa suna rariya. Abin haushin kuma, kafin hannun nasa ya cika safar ta riga ta yage, domin a irin filayenmu babu safar da ke jiran yaro shekara biyu.

Wannan matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka da Japan da Kyuba akwai wani wasa da ake kira besbol, ana doka 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri da kulki, wasu kuma su cafe ta da wata ƙatuwar safar fata. Guda ɗaya ake sawa, a hannun da ba a jifa da shi, wato na hagu ga mai jifa da dama. Da inci ake auna ta. Ta ƙananan yara takan kama daga inci 9 zuwa 10, ta manya kuwa tana kaiwa 12 ko fiye. Can ma idan aka ba yaro ta manya, hannunsa ba ya iya matse ta, sai ƙwallon ta shiga ta fito. Wasa daban, ƙasa daban, amma ƙaramin hannu ɗaya ne.

Safar gola tana da lamba kamar takalmi. Ta yara takan fara daga 4 zuwa 7, ta manya daga 8 zuwa 11. Ɗan shekara bakwai zuwa tara galibi 4 ko 5 ce ke yi masa, ɗan goma zuwa sha biyu kuma 6 ko 7. Sai dai kada ka dogara da lambar nan ita kaɗai. Kamfanoni ba sa auna ta iri ɗaya, jabu kuwa duk lambar da suka ga dama suke bugawa. Kuma yara biyu masu shekaru ɗaya ba lallai hannunsu ya zo ɗaya ba, ku duba ajinmu ma kawai.

Hanya mafi kyau ita ce ka tafi da yaron ya gwada. Amma idan so kake ka ba shi mamaki, ga dabara. Ka ɗauko takarda da fensir ka ce ku zo ku yi wasan zane, kowa ya ɗora hannunsa ya ware yatsu a zagaye. Ka zana hannayensa duka biyun, domin wani lokaci ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Daga baya ka yanke zanen da almakashi, ka sa a cikin littafi don kada ya yamutse. A kasuwa sai ka ɗora takardar a kan tafin safar, ka daidaita gindinta da wuyan hannu. Abin da kake so shi ne kan yatsan safa ya wuce na takarda da kamar rabin santimita zuwa santimita ɗaya, wato kusan faɗin farcen ƙaramin yatsanka. Idan ya wuce da gaɓa guda, ta yi yawa. Idan sun zo daidai cif, ta yi kaɗan, za ta matse shi, ɗinkin kan yatsun kuma zai fashe da wuri. Ka tuna a cikin safar akwai kauri, don haka faɗin tafinta ma ya kamata ya ɗan fi na takardar.

Kuma tun kafin ka biya, ka yi magana da mai kaya a gaban wani: idan ba ta yi masa ba, zan dawo da ita gobe a canja mini. Wanda ya ƙi yarda da wannan, ka matsa gaba.

Sai maganar tafin safar, wurin da ke taɓa ƙwallo. Wadda muke gani a talabijin a hannun manyan gololi an yi tafinta da wata roba mai laushi kamar soso, ana kiranta lateks. Tana kama ƙwallo sosai, musamman idan an ɗan jiƙa ta, shi ya sa za ka ga gola yana zuba wa hannunsa ruwa daga gora ana cikin wasa. Amma don ciyawa aka yi ta. Irin wadda Stanley Nwabali ya sa ke nan ran 7 ga Fabrairun 2024 a Bouaké, lokacin da ya tare fenariti biyu na Afirka ta Kudu ya kai Najeriya wasan ƙarshe na kofin Afirka. Irinta Chiamaka Nnadozie ta sa a 2023 da ta tare fenaritin Christine Sinclair ta Kanada a gasar duniya ta mata. Su idan tafin ya cinye, sabuwa ake miƙo musu.

Ƙaninka fa a ina yake wasa? A kan turɓaya mai tsakuwa, ko burji, ko siminti a tsakar gida, wani lokaci ma gefen kwalta. Wannan ƙasar ga lateks mai laushi kamar dutsen goge kaushi take. Faɗuwa kaɗan za ka ga tafin yana barbaɗewa. Ga hunturu kuma, iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya ita ce ke busar da robar ta tsattsage. Saboda haka mai tsada ba ita ce mai kyau ba a wurinmu. Ka nemi wadda tafinta ya ɗan yi kaushi, ko mai ƙananan ƙurajen roba a jiki, wadda aka yi don atisaye da busasshiyar ƙasa. Ba ta kai waccan mannewa ba, amma tana jure wahala, kuma yawanci ta fi sauƙin kuɗi. A ganina nan ne kaɗai wurin da talaka ya ci riba a wannan ciniki.

Amma araha ma tana da iyaka. Akwai wata da ake rataye ta tare da kayan wasan yara, tafinta na sheƙi kamar ledar tabarma. Ka danna tafin da babban yatsa. Idan ya lotsa ya dawo, akwai soso a ciki. Idan ka ji yatsanka ta ɗaya gefen kamar babu komai, ba za ta tare zafin komai ba. Sannan ka goga shi a jikin ƙwallo, ai mai sayar da safa ba ya rasa ƙwallo a shago. Ya kamata ka ji yana ɗan riƙewa. Idan yana sulɓi, gara hannu tsirara.

Ka juya ta ka ja ɗinkin da ke tsakanin babban yatsa da manuni, nan ne take fara yagewa. Ka duba maɗaurin wuyan hannu, wannan mai mannewa da ke yin ƙara idan an ɓalle shi. Ya kamata ya zagaye wuyan hannu ya kama sosai, kuma ya zama yaro zai iya ɗaurawa da kansa, domin babu wanda zai tsayar da wasa ya ɗaura masa. Wasu safofin bakinsu a matse yake ƙwarai, babba ma sai ya yi kokawa kafin hannu ya shiga. Ɗan shekara shida ba zai jure wannan ba, zai cire ya ajiye a kan dutsen raga, daga nan kuma kun san sauran labarin.

Akwai masu wasu 'yan sanduna na roba a bayan yatsu, suna lanƙwasawa gaba amma ba sa komawa baya. An yi su ne don kada ƙwallo ta tura yatsa baya. Masu horarwa ba su haɗu a kansu ba. Wasu na cewa suna kare yaro, wasu na cewa suna sandarar da hannu har yaro ya kasa koyon kamu, ya koma ture ƙwallo kawai. Ni abin da na fahimta shi ne, idan ƙaramin yaro ne sosai kuma da sa'anninsa yake wasa, bai buƙace su ba, hannu mai sakewa ya fi masa. Idan kuwa kullum cikin manya yake tsayawa suna yi masa bugun ƙarfi, suna da amfani. Sai dai a nan ma girma ne kan gaba, domin idan safar ta yi yawa sandunan ba za su zauna a kan yatsun ba.

Game da suna, za ka ga Adidas da Nike da Puma a rubuce a jikin kaya da yawa a kasuwa, kuma kowa ya san ba duka ne na ainihi ba. Kada ka biya kuɗin suna. Idan kuwa ƙanin naka ɗan Sai Masu Gida ne, ka samo mai ruwan ɗorawa ko kore, launin Kano Pillars, ka ba shi labarin Theophilus Afelokhai wanda ya tsare ragarta a shekarun da ta ci gasar Najeriya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Launi shi ne abin da zai fara gani, ba laifi a faranta masa, amma bayan an gama da girma da tafi.

Ina za a samu? Sabuwa, kasuwar Sabon Gari ta fi yawan zaɓi. Gwanjo kuma Ƙofar Wambai. Ba zan rubuta farashi ba, domin kafin takardar nan ta yi mako biyu a bango ya canja. Ka tambayi shago uku kafin ka taya, kuma ka tafi da babba, masu kaya suna ganin ɗan makaranta su kaɗai sai kuɗi ya hau. Gwanjo wani lokaci ya fi sabuwar jabu inganci nesa ba kusa ba, amma ka lura da abu biyu. Ka lanƙwasa tafin ka gani, idan ƙananan tsaga sun bayyana robar ta mutu. Sannan ka tabbata dama da hagu ne, kuma lambarsu ɗaya, domin a cikin dila kaya suna cakuɗewa.

Idan canji ya rage, ko kuma kuɗin bai kai safa mai kyau ba, ka yi tunanin ƙwallo. Abin da ya fi ji wa ƙananan gololi ciwo shi ne ƙwallon manya, mai lamba 5, wadda nauyinta gram 410 zuwa 450 ne, zagayenta kuma santimita 68 zuwa 70. Ta 'yan shekara goma sha uku ce zuwa sama, wato mu. 'Yan takwas zuwa sha biyu lamba 4 ce tasu, waɗanda ba su kai takwas ba kuma lamba 3, mai nauyin gram 300 da ɗan wani abu. Lambar tana rubuce kusa da hancin da ake hura iska. Kuma idan an kai ta wurin mai faci, a ce masa ya sassauta, ba tayar adaidaita sahu ba ce. Idan ka danna ta da manyan yatsu biyu ya kamata ta ɗan lotsa.

Ranar da ka ba shi, kada ka miƙa ka juya. Ka ɗauki ƙwallo ka jefa masa a hankali daidai ƙirji, ka nuna masa yadda zai ware yatsu, manyan yatsun biyu su kusa haɗuwa a bayan ƙwallon. Ta ƙasa kuma ya rungumo ta zuwa ciki. Ka nuna masa idan ya faɗi ya tashi da dunƙulen hannu, kada ya dafa ƙasa da tafi, domin dafa ƙasa ya fi kama ƙwallo cinye safa.

Wankinta da ruwa mai ɗan ɗumi ne kawai, a matse a hankali, ba a murɗewa kamar tsumma, kuma ba a sa mata garin sabulu. A inuwa ake shanya ta. Idan aka ɗora ta a kan kwanon rufi da rana irin ta watan Afrilu, ko kusa da murhu, da yamma za a tarar da ita kamar ƙanzo. Kada a ajiye ta tafi da tafi suna manne, kada kuma a ƙulle ta a leda da gumi, warin da za ta yi sai ya kori mutanen ɗaki. A satin farko zai so ya kwana da ita, ya ci tuwo da ita, ya tafi Islamiyya da ita, sai an yi ta fama. Ka samu biro mai kauri ka rubuta sunansa a cikin maɗaurin kowace ɗaya, dama da hagu, domin a fili guda ɗaya ce takan ɓata.